Ɗan Amshin da Bai Taɓa Amsawa Ba

Daminar bana ta zo da ruwa irin wanda na daɗe ban gani ba. Tun da aka shiga maimai, wato noma na biyu, kusan kullum sai hadari ya haɗo daga gabas, ƙasa ta yi ta ƙamshi, tsofaffin katangu su yi ta zubewa a unguwa. A cikin wannan ruwa ne samarin unguwarmu suka shirya bikin cikar ƙungiyarsu ta mawaƙa shekara biyar, suna neman gudummawar da za su sayi kayan sauti nasu na kansu. Suka kafa rumfa a filin makaranta ran Lahadi bayan la'asar. Jikata Hadiza, wadda ke koyarwa a makarantar, ta matsa sai na je, wai zaman ɗaki ya fara sa ni tsami.

Wani saurayi ya fito da abin magana a hannu yana zuba waƙa, murya kamar sarewa. Ana cikin haka janareta ya yi tari biyu ya mutu. Waƙa ta ɗauke ɗif. Amma bakin saurayin bai sami labari ba, ya ci gaba da buɗewa da rufewa, ido a lumshe, hannu a ƙirji. Ashe tun farko na'ura ce ke yin waƙar. Fili ya kwashe da dariya, har da masu faɗowa daga benci. Ni ban yi ba.

Hadiza ta zungure ni. "Angona, lafiya? Kowa na dariya, kai ka sunkuyar da kai kamar kai aka kama."

Na ce, "Ni aka kama, amarya. An dai daɗe da kamun."

Ta ce sai na faɗa mata. Da na faɗa mata, ta ce sai na rubuta. Karatuna na boko bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, saboda haka wanda ya ga gyara ya gyara. Abu ɗaya na yi alkawari, ba zan yi wa kaina ado ba, don adon ƙarya shi ne ainihin laifin da zan ba da labarinsa.

A shekarun hamsin, kafin a ba mu mulkin kai, Jibiya ba ta kai haka ba. Iyaka ba komai ba ce sai wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa, da rumfar ma'aikata a bakin hanya. Mu ana ce mana 'yan ƙasar Ingila, dangin uwata da ke hayin ƙorama ana ce musu 'yan ƙasar Faransa, alhali daga mu har su ba wanda ya taɓa ganin Ingilar ko Faransar. Gero ɗaya muke shukawa, hadari ɗaya ke jiƙa mu.

A lokacin akwai ƙungiyar gangar noma a garinmu. Shugabanta Baba Nomau, wanda ake kira Sarkin Ganga, shi ke kiɗa, shi ke ba da waƙa, mu takwas muna amsawa. Aikinmu gayya. In mai gona ya ga ciyawa ta fi ƙarfinsa, sai ya gayyato maza daga ƙauyuka su yi masa noman rana ɗaya, shi kuma ya ciyar da su. Manoma su jeru da fartanyoyi, kowa da kuyyarsa, wato layin shukar da zai nome, mu muna biye da su a baya. Baba ya san taken kowane manomi. In ya ga wani ya fara sanyi sai ya juya ganga ya kira shi da sunan kakansa, ka ga mutum ya zabura kamar kunama ta harbe shi. Akwai kuma wata al'ada da a wurina ta fi duk sauran kyau: in mata suka kawo fura, makaɗa ake fara miƙa wa ƙwarya, wai don maƙogwaro.

Wannan ƙwaryar ce ta riƙe ni a ƙungiya. Ubana ya rasu ya bar mini gona da galma da Inna. Gonar na bar wa ciyawa rabinta. Galmar kuwa in na ɗaga ta sau goma sai in ji kamar bayana zai rabe biyu. Ba ciwo ba ne, lalaci ne, yau na faɗa da bakina. Wata rana Inna ta ce mini, "Ilu, na ji an ce Sarkin Ganga na neman ɗan amshi. Tashi ka tahi." Na yi mamaki, don Inna ta san muryata. Tun muna makarantar allo malam ya ce ni dai in riƙa karatuna a zuci, Allah yana ji. Amma na tafi. Baba Nomau ya dube ni sama da ƙasa, bai ce in gwada ko baiti ɗaya ba, ya ce, "Tsaya kusa da Labaran." Labaran kuwa muryarsa ta ishi mutum uku.

Ranar farko na buɗe baki zan amsa, tsoro ya kama ni, na bar bakin a buɗe ban saki komai ba. Aka tashi daga gayya ba wanda ya ce mini uffan, ga ciki cike da fura. Gayya ta biyu na sake. Haka na yi shekara bakwai. 'Yan unguwa suka ce girma ya gyara muryar Ilu.

Kada a ɗauka aikin ba shi da wuya. Sai ka haddace kowace waƙa tsaf, don baki ya tafi daidai da na mutane. Sai ka ja numfashi lokacin da suka ja. In amshi ya yi tsawo ka ɗaga kai sama, ka tsuke fuska kamar mai haɗiyar magani. In an sauke ganga ka yi gyaran murya, ka tambayi ko wani na da citta a aljihu. Har na kai ga yi wa mutane gyara. Na sha ce wa Labaran, mutumin da nake fakewa a inuwar muryarsa, "Yau ka ɗan sauka a baiti na uku." Shi kuma ya ce, "To, Ilu, a yi haƙuri." Allah ya yafe mini wannan, ya fi ci mini rai.

Cikin 'yan amshi akwai biyu da nake yi wa kallon gwanaye. Tanko, dogo, in ana waƙa yakan toshe kunne da tafin hannu ya rufe ido, jijiyoyin wuyansa su tashi raɗa-raɗa. Jatau, gajere mai ƙiba, shi kuma yatsa yake ɗagawa sama yana rangaji. Suna can ɗaya gefen layi, ban taɓa tsayawa kusa da su ba, amma ko kurma ya gan su ya san waƙa na ratsa su.

Shekarar da ƙungiya ta cika goma ta zo da wuya. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin a yi shuka rumbuna sun fara amsa kuwwa, kafin a shiga maimai an share gindinsu da tsintsiya. Ruwa kuwa ya zo kamar yana biyan na bara. Duk inda ka duba kore ne shar, gero ya kai gwiwa yana sheƙi, mai shi kuwa na tsaye a bakin gona ciki ya manne da baya.

Da asuba Inna takan hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika ɗaki ido ya yi ta ruwa, ta dama kunun dusa wanda in ka leƙa ƙwaryar za ka ga fuskarka. Da hantsi ta ɗauki ƙwarya ta bi gefen gonaki tana tsinkar tafasa da yaɗiya. Da rana a dafa ganyen, a barbaɗa gishiri in akwai. A shekarar muka fara sanin garin rogo, wanda manyan motoci ke kawowa daga Kudu. A jiƙa ɗan kaɗan ya kumbura ya cika akushi, ka ci ka ji daɗi, kafin ka kai ƙofar gida ya manta da kai. Da yamma unguwa takan yi shiru. Gidan da aka ji ƙarar turmi, kowa ya san shi, kuma sai ka ga an yawaita zuwa gaisuwa. Ga rufin ɗaki na yoyo, ga sauro, ga kurkunu da ya kwantar da mutane da dama.

Ni a wannan hali ina da abin da maƙwabta ba su da shi. Duk ranar gayya ina sha in ƙoshi, in kuma cika ɗan gorana in kawo wa Inna. In aka kore ni daga ƙungiya a wannan damina, ni da ita mun koma ga tafasa zalla. Wannan tsoron da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Baba Nomau ya tara mu a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ƙafarsa ta dama a miƙe an naɗe ta da tsumma, don shi ma kurkunu ya kama shi. Ya jawo ganga ya nuna mana. Fatar ta sha faci har ba a gane asalinta, in iska ta yi sanyi sai an gasa ta a wuta kafin ta yi magana.

Ya ce, "Wagga baiwar Allah ta yi mana shekara goma. Ba ta kai wata daminar. Bana za mu zagaya, gayya bayan gayya: Gangara, Kusa, mu ƙetara hayi, mu rufe da Magama. Duk mai gonar da muka yi wa kiɗa, dami ɗaya muke roƙo in kaka ta yi, mu yi bikin shekara goma mu ciyar da gari. Fata kuwa, Maigero ya yi magana."

Maigero babban manomi ne a Magama, cikin 'yan kaɗan da rumbunsu bai ƙare ba. Ya ce in gangarmu ta sa aka gama masa maimai a babbar gonarsa kafin la'asar, ɗan maraƙi namu ne, nama na biki, fata ta ganga. In la'asar ta riga mu, mu sha fura mu yi gaba.

Gangara ta yi kyau. A Kusa ruwa ya kore mu sau biyu muka dawo. Ran Laraba muka ƙetara hayi, Baba a kan jaki, ƙorama ba ta wuce idon sawu ba. Mai gayyar can wani tsohon sojan Faransa ne da ake kira Kafaran, komai zai faɗa sai ya fara da "bon", wato "to" da Faransanci. Aka yi noma lafiya, ya ji daɗi, ya ce zai ba ƙungiya akuya, amma tana wurin makiyaya sai da safe za a kawo ta. Sannan ya gyara zama a kan kujerarsa ya ce, "Bon. Kafin magariba ina so kowane ɗan amshi ya fito shi kaɗai ya yi mini baiti guda. A soja haka ake yi, ɗaya bayan ɗaya."

Na fara laluben hanyar gudu. Allah ya taimake ni Baba ya ce shi ƙafarsa na zugi, zai koma gida ya huta saboda gayyar Magama gobe, yana son mai rakiya. Kafin ya rufe baki na miƙe.

"Ni zan ja jaki, Baba."

"Ni zan ɗauki ganga," in ji Tanko, har yana tuntuɓe.

Jatau ya duba hagu da dama bai ga abin ɗauka ba, ya sunkuya ya ɗauki takalman Baba ya rungume.

A raina na ce, kai, waɗannan bayin Allah akwai ladabi. Gwanaye kamarsu su bar wurin nuna murya don hidimar dattijo! Muka bar mutum biyar, har da Labaran, a kan za su taho da akuya da sassafe su same mu a Magama.

Gab da asuba sama ta ɓalle. Da gari ya waye ƙoramar da muka taka jiya ta zama jan ruwa mai tafiya da itatuwa, ko raƙumi ba ya shigarta. Muka isa gonar Maigero mu huɗu da jaki. Maza sun cika bakin gona, daga ƙauyuka da dama, wasu tun jiya ba su sa komai a ciki ba, sun zo don furar Maigero. Ƙasa ta yi laushi, kwaɗi na ta kuka a fadama, rana ta fito da zafin nan na bayan ruwa mai sa tururi ya tashi daga gona.

Maigero ya kafa sanda a bakin gona, ya auna kara daidai tsawonta ya kwantar a gabas da ita. Ya ce, "Sarki, ka gani. In inuwar sandar nan ta kai ƙarshen karan nan, la'asar ta yi. Ina sauran mutanenka?"

Baba ya ce, "Ruwa ya tsare su, ranka ya daɗe. Amma ga uku, sun isa."

Ni ma a raina na ce sun isa. Ga Tanko, ga Jatau. Na shiga tsakiyarsu na gyara tsayuwa, hankalina kwance.

Aka gasa ganga, Baba ya rataya ta, ya dogara da ƙafa ɗaya. Ya saki kiɗa, fartanyoyi suka sauka a tare. Sannan ya ɗaga murya ya ba da waƙar da muke buɗe kowace gayya da ita:

"Wa ya kwana da yunwa bai faɗa ba?"

A nan ne mu za mu ce, "Mai fartanya ne, gobe zai ci tumu." Na ja numfashi, na buɗe baki, na ɗaga kai sama. Tanko ya toshe kunne, jijiyoyi suka tashi. Jatau ya ɗaga yatsa ya fara rangaji.

Ba abin da aka ji sai kwaɗi.

Baba ya ɗauka ba mu shirya ba. Ya zagayo da kiɗa ya sake bayarwa da ƙarfi. Muka sake buɗe baki mu uku, wannan karon har da ƙarin himma. Kwaɗi suka sake amsawa. Fartanyoyi suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, maza suka miƙe suna juyowa, suka tarar da ƙarti uku baki a wangale kamar 'yan tsuntsaye a sheƙa.

Na karkata ta gefen baki na ce, "Tanko, ɗauka mana."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ni? Kai nike jira."

"Jatau fa?"

Jatau ya sauke yatsa a hankali. "Wallahi ni na ɗauka ku biyu ne gwanayen."

Maigero ya matso yana riƙe da bakin riga don taɓo. "Sarki, mi ya samu 'yan amshinka? Ko azumin murya suka ɗauka?"

Na dubi sandar da karan. Na tuna ɗan maraƙi, na tuna goran Inna. Na ce yau ko ni ko kunya. Da Baba ya bayar karo na uku, sai na rufe ido na saki muryar da na tsare shekara bakwai.

Ban san yadda zan kwatanta ta ba. Abin da na sani, jakin Baba da ke ɗaure a gindin kalgo ya ɗaga kai ya amsa mini, kuma mutane da dama sun ce nasa ya fi daɗi. Gular kiɗa ta suɓuce daga hannun Baba. Wani tsoho ya ce a'uzubillahi. Sai dariya ta fashe. Maza masu yunwa suka zube tsakanin kuyyoyi suna riƙe da ciki, Maigero ya zauna daɓas a cikin taɓon da yake gudu.

Baba ya tsinci gularsa, ya dube ni da idon tausayi, ya ce, "Ilu, don girman Allah, koma yadda kake."

Da dariya ta lafa, wani manomi daga Kusa ya share hawaye ya ce, "Sarki, shekara goma muna jin waƙoƙin nan a bayanmu. Ka bayar, mu mu amsa." Maigero ya ce, "Waɗannan ukun kuma a ba su fartanya, tunda baki ya ƙi, mu ga hannu."

Haka aka yi. Baba ya bayar, gona gaba ɗaya ta amsa, murya ta tashi kamar hadari. Ban taɓa jin waƙar nan ta yi daɗi haka ba. Sai dai waƙa a sunkuye da ciki wayam tana cin numfashi, aiki ya rage sauri, inuwa kuwa ba ta jiran kowa. Ni aka ba ni kuyyar gefe. Kafin rana ta take tsaka tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ƙotar fartanya ta yi santsi.

Da azahar mata suka kawo fura. Babbarsu ta ce, "Ina makaɗa?" Ni da Tanko da Jatau muka matso bisa sabo. Baba ya karɓi ƙwarya ya sha, sannan ya miƙa ta ta wuce gabanmu zuwa ga manomin nan na Kusa. Ya ce, "Yau ga 'yan amshi nan."

Mu muka sha ƙarshe. Kafin ƙwarya ta iso gare ni an ƙara mata ruwa sau uku, ba abin da ya rage sai farin ruwa da ɗan tsaki a ƙasa. Na riƙe ta ina kallo. Shekara bakwai ina shan kan fura mai kauri, ban taɓa tambayar abin da ke isa ga na ƙarshen layi ba, mutumin da ya wuni a sunkuye. Ranar na sani. Duk dariyar da aka yi mini ba ta ƙona ni kamar wannan ƙwaryar ba.

Aka koma. Rana ta karkata, inuwar sanda ta fara bin kara. Maza suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kai ƙarshen kuyyarsa. Tanko ya fita, Jatau ya fita da rarrafe. Gona duk ta nomu sai kuyya ɗaya, tawa. A al'adar gayya kuwa ba a taya mutum kuyyarsa ta ƙarshe, sai in ya ajiye fartanya ya ce ya gaza, kuma in ya gaza an faɗi, maraƙi ya kuɓuce. Saura taki kamar ashirin, inuwa kuwa saura ɗan yatsa.

Maza suka jeru a gefe. Baba ya ɗingiso ya tsaya a kaina, ya ƙirƙiro mini take nan take, abin da ban taɓa samu ba: "Ilu na Inna, baki buɗe!" Gona ta amsa, "Rufe baki ka ja fartanya!" Ina noma ina hawaye, gumi na shiga ido, hannu na jini, ƙafa na nutsewa. Wani na tsugune a gindin sanda yana ihu, "Saura ƙwayar gero! Ilu, saura ƙwayar gero!"

Sai wani baƙin girgije ya taso daga gabas ya rufe rana. Inuwa ta ɓace. Mai tsaron sanda ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi bai ga komai ba. Na ja sauran taki biyar ɗin a cikin yayyafi, na faɗi a ƙarshen kuyya.

Gardama ta tashi, wasu na cewa la'asar ta yi, wasu na cewa a nuna musu inuwar. Maigero ya ɗaga hannu. Ya ce, "Wanda ya rufa wa yaron nan asiri ya fi ni. Ni ba ni tona shi. Kuma tun da aka shiga wagga yunwa ban yi dariya irin ta yau ba. A kawo maraƙin."

Ana cikin haka sai ga mutanenmu biyar, taɓo har wuya, suna jan akuya. Aka ba Labaran labari. Ya dube ni ya ce, "Shi ya sa kunnena na hagu bai taɓa ciwo ba." Ya ƙara da cewa, "Yaya baiti na uku, Ilu? Ka ɗan sauka?"

A hanyar gida ina jan jaki da hannun da ya rage mini, na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Shekara bakwai ina cutarka."

Ya ce, "Wa ka cuta? Mai ganga ba baki yake kallo ba, zakaran wuya yake kallo. Naka ko sau ɗaya bai motsa ba. Na san da kai, na san da waɗancan shashashan biyu. Kuskurena na yau, kawuna na ƙirga, na manta ban ƙirga muryoyi ba."

"To don mi ka bar ni?"

"Tanko ɗan ƙanwata ne. Jatau ubansa ya sassaƙa mini wagga ganga. Kai kuwa uwarka ta zo har gida ta durƙusa. Ta ce, Sarki, ɗana ba ya iya noma, ka taimake ni ka ɗauke shi ya riƙa samun abin sha. Amma don Allah kada ka bari ya yi waƙa."

Na isa gida na tarar da Inna tana tsince tafasa. Na ajiye goran a gabanta wayam. Ta dubi goran, ta dubi hannuwana. Labari ya riga ni isowa, a Jibiya ba ya kwana a hanya.

Na ce, "Inna, ashe ke kika kai ni."

Ta ce, "Ni na haife ka, ni na fara jin kukanka. Ungozoma sai da ta leƙa waje ta ga ko wani abu ya shigo gidan." Ta jawo hannuna tana shafa masa man kaɗe. "Na ji an ce ka fitar da kuyya."

"Na fitar."

"To gonar ubanka na nan inda ka bar ta."

Baba bai kore ni ba. Ya mayar da ni mai ɗaukar ganga da gasa ta, in an fara kiɗa kuma in karɓi fartanya in shiga layi, in sha fura lokacin da ta iso gare ni. Gorana bai ƙara cika kamar da ba, amma matan gayya suka riƙa zuba mini ɗan abin da zan kai wa Inna, wai ladan dariya. Da haka muka kai ga tumu. Ragowar daminar na shiga gonar ubana, na ceci abin da ya cetu. Da kaka dammuna suka zo daga Gangara da Kusa da hayi, aka yanka maraƙi, aka ɗaura sabuwar fata, aka ciyar da gari kwana biyu. Kafaran ya zo da lambobinsa a ƙirji, ya ce, "Bon, ina mutumin nan da jaki ya amsa wa?" Har ya koma bai sami baitin da ya zo nema daga bakina ba, don Baba ya hana.

Baba Nomau, Labaran, Tanko, Jatau, Maigero, Inna, duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Manoman da na sha kan furarsu ban san sunayen yawancinsu ba, balle in bi su in nemi gafara. In akwai ɗa ko jikan wanda ya yi gayya a ƙasar Jibiya a waɗannan shekaru, ya sani ubansa ya sha ruwa-ruwa ne don wani ya sha mai kauri a banza, kuma wanin ni ne. Ina roƙo a yafe mini.

Da na gama ba Hadiza labarin, muna zaune a zaure ruwa na zuba, ta ce ba ta yarda ba, tsofaffi akwai ƙarin gishiri, ba muryar da ta kai haka muni. Ta ce in yi mata baiti ɗaya kawai. Na gyara zama, na ja numfashi, na ce, "Mai fartanya ne, gobe zai ci tumu."

Akuyar da ta fake a bakin zaure ta zaɓi ruwan sama, ta fice. Hadiza ta dafa gwiwata ta ce, "Angona, don girman Allah, koma yadda kake."